Akwatin Ƙwallon Baba



 Mu biyu ne da wannan rubutu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, haifaffun Damagaram, ko da yake alƙalamin yana hannun ɗayanmu. Mai yiwuwa wasu su ce abin da za mu ba da labarinsa bai isa a ɓata masa takarda ba, tunda kayan wasan yara ne. Mu ma haka muka ɗauke shi shekara da shekaru, har ranar da ya kusa shiga tsakaninmu da ƙanwarmu.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin lakwal ne. A shekarar 1976 aka tura shi Faransa ƙaro ilimi na wata tara. Da ya dawo, kowa a gidan ya sami tsarabarsa, mu yara kuwa aka haɗa mana tamu cikin kwali ɗaya kore mai faɗi, an rubuta masa Subbuteo. A cikinsa akwai kyalle kore mai laushi da aka zana wa layukan filin ƙwallo, da raga biyu ƙanana, da ƙwallo, da ƙungiya biyu, ja da shuɗiya, kowace da ƴan wasa 11. Ɗan wasa ɗaya bai wuce gaɓar yatsa ba, yana tsaye bisa gindi mai kamar an raba ƙwallo biyu, da ɗan nauyi a cikinsa, ta yadda in an ture shi sai ya yi tangaɗi ya sake miƙewa. Mai tsaron gida kaɗai ne ke da sanda a bayansa, wadda ake riƙewa ta bayan raga.

Ranar Lahadi bayan la'asar Baba yakan kawar da takardun ɗalibansa daga tabur, ya shimfiɗa kyallen, ya danne kusurwoyinsa da littattafai. Shi ya koya mana dokokin. Ba a tura ɗan wasa, ɗalle shi ake yi da farcen manuniya ko na yatsan tsakiya, ba a kuma dogara da babban yatsa wajen ɗallawar. Ɗan wasa ɗaya ba ya taɓa ƙwallo fiye da sau uku a jere. Ba a buga wa raga sai ƙwallo ta shiga layin da aka ware don haka. Wanda ya yi gardama, Baba yakan ɗauke masa ɗan wasa ɗaya ya ajiye a aljihun rigarsa, sai an tashi.

A waje kuwa, a bakin butiki, akwai babifut, tabur mai sanduna da ake jefa wa dala biyar. Baba ba ya son mu tsaya a wurin, domin manyan samari sukan sa kuɗi a kan wasan, shi kuwa ba ya haɗa hanya da caca ko ta sisin kwabo. Sai da muka girma muka gane cewa koren kwalin nan dabararsa ce ta tsare mu a gida. Ya kuwa ci nasara fiye da yadda ya zata, don yaran maƙwabta ma zaurenmu suka dawo. Waɗanda layi bai zo kansu ba sukan zana nasu filin a ƙasa, su jera marafen kwalba su yi ta ɗallawa, kamar yadda yara ke yi har gobe a unguwanninmu.

Autarmu an haife ta ne bayan zuwan kwalin, saboda haka ta taso ta same shi kamar yadda ta sami randa a tsakar gida. Wata rana, tana da shekara takwas, ta taka ɗaya daga cikin jajayen ƴan wasan, ƙafarsa ta ɓalle daga gindin. Tsoron faɗan Baba ya sa ta ɓoye shi kwana uku, ta liƙa shi da ƙaro, ta shafe inda fentin ya goge da jan farcen wata amarya ta maƙwabta. Da Baba ya gani, ya juya shi a tafin hannunsa, ya yi dariya, ya ce wannan likitar ta cancanci lada. Ɗan wasan ya tsaya a karkace, muka sa masa suna Gurgu. Saboda karkatar tasa, in an ɗalle shi yakan yi baka ya zagaye abokin gaba, har muka riƙa faɗa a kan wanda zai riƙe ja.

Baba ya rasu a 2017. Aka raba gado bisa shari'a, gida da gona da ƴan kuɗi, kowa ya karɓi nasa ba tare da an ji kanmu ba. Kwalin bai faɗo a ran kowa ba. Sai bayan shekara guda, muna gyara wa Inna ɗaki, muka same shi a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, an naɗe shi da tsohon rawani. Muka zauna a ƙasa, mu dattawa masu furfura, muna ƙirga ƴan wasa. Mai tsaron gidan shuɗaye ya ɓata. Ƙaraminmu ya ce bari ya duba intanet ko za a sami irinsa. Daga wannan dubawa komai ya fara.

Abin da muka tarar ya ba mu mamaki. Ashe wasan da muka ɗauka na Faransawa ne, na Ingila ne. Wani mutum mai suna Peter Adolph ya ƙirƙiro shi a ƙauyen Langton Green, kusa da Tunbridge Wells a yankin Kent. Ya yi tallarsa a wata mujallar yara a 1946, kayan suka fara fita a 1947. Mutum ne mai sha'awar tsuntsaye, kuma da aka hana shi rajistar sunan da ya fara zaɓa, sai ya ɗauko Subbuteo daga sunan da masana suka ba wani ƙaramin shaho. Ba shi ne na farko ba, domin tun 1929 akwai makamancinsa mai suna Newfooty a Liverpool, amma nasa ne ya cika duniya. Lokacin an fito daga yaƙi, komai ya yi wuya. Ƴan wasan farko na kwali ne, gindinsu kuwa maɓallin riga da aka sa wa dalma. Ko kyallen fili babu a ciki, sai alli da bayanin yadda mutum zai zana filin a kan tsohon bargon soja. Da muka karanta haka sai muka tuna da yaran zaurenmu da marafen kwalbarsu.

A 1961 aka fara yin ƴan wasa na roba masu cikakkiyar siffa, waɗanda mutanen Kent, yawancinsu mata, ke yi wa fenti da hannu a gidajensu, ɗaya bayan ɗaya. Irinsu ne na Baba, kuma su ne masu tara irin wannan kaya suka fi so, suna kiransu masu nauyi don bambanta su da marasa nauyin da suka biyo baya, waɗanda inji ke bugawa. Adolph ya sayar da kamfaninsa ga Waddingtons, aka yi gasar duniya ta farko ta wasan a Landan a 1970, sannan Hasbro na Amurka ya saye Waddingtons a 1994, shekarar da shi Adolph ya rasu. A tsakanin nan an fitar da rigunan ƙungiyoyi ɗaruruwa, kowace da lambarta a gefen kwali, har da rumfar ƴan kallo, da fitilun fili, da allon maki, da ƴan sanda, da masu ɗaukar hoto.

Muka kuma gano cewa akwai mutane a Ingila da Italiya da Faransa da sauran ƙasashe, manya masu iyali, da suka mayar da tara waɗannan kaya abin yinsu. Suna da ma'auninsu. Kwali na asali ya fi wanda aka sauya. Ƙungiya cikakka ta fi mai giɓi nesa ba kusa ba. Fentin farko ya fi wanda aka taɓa, komai kyan taɓawar. Digon gam ɗaya yana karya farashi. Mafi daraja a wurinsu shi ne kwalin da aka saya aka ajiye, ba a taɓa wasa da shi ba. Mun karanta wannan ma'auni, muka haddace shi, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu abin da yake nufi ba.

Muna da ɗan kawu a Lyon wanda yakan zo bakansi duk shekara. Shi muka ɗora wa aikin zagaya kasuwannin tsofaffin kaya na ranar Lahadi, inda iyalai ke fito da tarkacen ɗakin ajiyarsu su baza a bakin titi. Mai tsaron gida ɗaya muka ce ya nemo mana. Ya zo da shi, ya kuma zo da ƙungiyar Kamaru a kwalinta, wadda ta tuna mana daren 1990 da suka ci Ajantina ɗaya da nema a wasan buɗe gasar duniya, unguwa ta kwana tana murna. Shekara ta zagayo muka ce a ƙaro. Ya kawo mana Tipp-Kick na Jamus, wanda kamfanin iyalin Mieg ke yi tun 1924: ɗan wasansa na ƙarfe ne, ana danna maɓalli a kansa sai ƙafarsa ta harba, ƙwallon kuwa mai kusurwoyi ce, rabi fari rabi baƙi, kuma launin da ya kalli sama shi ke nuna wanda zai buga.

Daga nan muka koma kan babifut ɗin da Baba ya hana mu. Shi ma da tarihinsa. Wani Bature mai suna Harold Thornton ya sami takardar mallakar fasaharsa a Ingila a 1923. A Sifaniya kuwa wani saurayi, Alejandro Finisterre, wanda bam ya raunata a yaƙin basasarsu, ya yi rajistar nasa a 1937, bayan ya ga yara a gidan jinya da ba za su ƙara iya buga ƙwallo da ƙafa ba. Irin wanda muka saba gani a nan ƙirar Faransa ce, wadda kamfanin Bonzini na Bagnolet, kusa da Paris, ya yi suna da ita: sanduna 8, kowane gefe da mai tsaron gida ɗaya, ƴan baya biyu, ƴan tsakiya biyar, ƴan gaba uku. Muka sami wani tsohon tabur a bayan wani butiki da aka rufe, gara ta ci ƙafafunsa biyu. Muka saye shi, kafinta ya yi masa sababbin ƙafafu, mai walda ya miƙe sandunan da suka lanƙwashe, muka kai shi ɗaki muka lulluɓe da zane.

Cikin shekara huɗu muka tara kwalaye sama da ashirin. Muka sa aka yi mana kabad mai gilashi da kwaɗo, makulli biyu, kowa da nasa. Kwalin Baba muka sa a tsakiya. Domin ya dace da ma'aunin masu tarawa, muka sayi sabon jan ɗan wasa mai fentin asali muka sa a gurbin Gurgu, shi kuwa Gurgu muka jefa shi cikin kwalin ashana a aljihun tabur. Yaranmu da na ƴan'uwa sukan tsaya su manna goshi a gilashin. Mukan ce musu a kalla da ido, hannu a baya. Inna ta taɓa leƙowa sau ɗaya, ta dubi kabad ɗin, ta dube mu, ta ce, “Ku biyun nan, har kun gama wasan ke nan?” Muka yi dariya, muka ɗauka zolaya ce.

A bakansin 2022 autarmu ta zo gida da ɗanta mai shekara tara. Ɗayanmu ya manta makulli a jikin kwaɗo ya tafi masallaci. Kafin a dawo, yaron ya fito da ƴan Kamaru ya jera su a kan siminti, shi kaɗai, yana wasa yana yi wa kansa sharhi kamar mai gabatarwa a rediyo. Robar da ta shekara talatin ta kuma sha zafinmu ba ta da ƙwari, ɗaya ya karye a idon sawu. Babbanmu ya yi wa yaron tsawar da bai taɓa yi wa ƴaƴan cikinsa ba, ya faɗi kuɗin kwalin da jikka-jikka a gaban kowa, ya ce ko uban yaron ba zai iya nemo irinsa a garin nan ba. Yaron ya tsaya yana rawar jiki, yana cewa, “Kawu, ka yi haƙuri,” har muryarsa ta ɗauke.

Da almuru uwarsa ta shigo. Ba ta ce komai game da tsawar ba. Ta ce a buɗe mata kwalin Baba ta gani. Ta bi jajayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe ta sake dawowa, sannan ta ɗago ta ce, “Yaya, ina Gurgu?” Muka yi shiru. Ƙaraminmu ya jawo aljihun tabur ya miƙa mata kwalin ashana. Ta buɗe, ta daɗe tana kallonsa, ta rufe ta sa a jakarta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, “Wannan kwalin, an raba shi cikin gado ne ya faɗo gare ku, ko kuwa ɗauka kuka yi?” Washegari ta koma gidanta, wata biyu cur ba ta kira ɗayanmu ba.

Tambayar ta hana mu barci, domin gaskiya ce. Ba da daɗewa ba kafin wannan rana, wani mai tarawa a Italiya da muka aika wa hotuna ya taya kwalin Baba da kuɗi masu ɗan kauri, ya kuma yaba da muka cire wanda aka liƙa. Mun ƙi sayarwa, muka yi ta alfahari da ƙin da muka yi, amma ko sau ɗaya ba mu tuna cewa abin da ke da farashi dukiya ne ba, dukiyar mamaci kuwa ta magada ce gaba ɗaya. Inna tana da tumuninta a ciki, ƴan'uwanmu mata suna da rabonsu. Mun kulle abin mutane da makullinmu, mun kuma yi wa ɗan ɗaya daga cikin masu shi tsawa a ɗakin da muka kulle shi.

Muka je wurin limamin unguwarmu muka zayyana masa komai. Ya ce ƙanƙantar abu ba ta fitar da shi daga gado: ko a ƙiyasta kuɗinsa a biya kowa haƙƙinsa, ko magada su yarda da bakinsu a bar shi na kowa. Tunda mun zo, muka tambaye shi abin da ya daɗe yana yi mana yawo a zuci, wato siffofin mutane da muka jera a kabad. Ya ce malamai sun yi sassauci a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da ƴan tsanar da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da su. Sannan ya yi murmushi ya ce, to amma abin da aka hana yara taɓawa aka sa a gilashi ana kallo, shi bai san ko har yanzu sunansa kayan wasan yara ba. Ya bar mu da wannan.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Muka shiga mota mu biyu, da kwalin Baba a cinya, muka je har gidanta. Babbanmu ya fara ba yaron haƙuri kafin uwarsa, abin da bai zo masa da sauƙi ba. Bayan mako biyu muka taru duka a ɗakin Inna. Aka yarda kwalin ya zama na kowa, ya zauna a wurin Inna, duk jikan da ya zo a shimfiɗa masa. Autarmu ta fito da kwalin ashana daga jakarta, ta cire sabon ɗan wasan da hannunta, ta mayar da Gurgu gurbinsa.

Ba mu daina tarawa ba, kuma ba mu ce wa kowa tarawa laifi ce ba. Ta koya mana tarihi, ta sada mu da mutanen kirki a ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, kuma ba don masu adanawa ba da yawancin waɗannan kaya sun daɗe a juji. Amma mun cire kwaɗon. Kwalaye uku da robarsu ta tsufa ƙwarai mun bar su a sama, mun kuma bayyana wa yara dalili. Sauran duk a hannunsu suke. Babifut ɗin mun fito da shi zaure, ba a jefa masa ko dala, ba a sa kuɗi a kansa, kuma da an kira salla ake lulluɓe shi. Wata ƙungiya mai giɓi da muka saya da arha, yaran suka nemi izinin yi mata fenti da launin Mena, ruwan lemo da fari da kore, tunda sun ji labarin zuwanta gasar Afirka karon farko a 2012. A ma'aunin masu tarawa sun lalata ta. Yanzu a kanta ake faɗa, kamar yadda muka yi a kan ja.

Ga duk wanda ke da irin wannan kaya a gidansa, ga ɗan abin da muka koya. A nisanta shi da rana da rufin kwano, domin zafi yana sa roba ta yi gautsi. A ɗaga kwali daga ƙasa saboda gara da damshin damina. Kyallen fili a naɗe shi kamar tabarma, kada a ninke, don ninki yana barin layin da ke karkatar da ƙwallo. Sandunan babifut a share musu ƙurar hunturu a ɗan shafa mai. In kuma na mamaci ne, a tambayi sauran magada tun kafin a kai shi ɗaki.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, ɗan autarmu ya riƙe ja, babbanmu ya riƙe shuɗi. Inna tana kan darduma da carbinta tana kallo. Yaron ya ɗalle Gurgu, ya yi bakansa da ya saba, ya zagaye ƴan baya biyu ya tura ƙwallo raga. Kawunsa ya ce ai an taɓa sau huɗu, ba a ci ba. Inna ta miƙa hannu ta ɗauke shuɗin ɗan wasa ɗaya ta ɗaure a bakin zanenta, ta ce sai an tashi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya raya mana zuriya, Ya bar mu da ƴan'uwanmu cikin zumunci.